Mako Biyar A Bayan A Daidaita Sahu

Mu mutanen Wurno da Rabah da Goronyo ba mu saba hawa mota domin zuwa wani wuri a cikin gari ɗaya ba. Mota a wurinmu ta tafiya ce, watau in za a Sakkwato, ko Achida ran kasuwa, ko Goronyo ran Lahadi. In kuwa cikin gari ne, ƙafarka ita ce motarka. Daga hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, har zuwa fadamar shinkafa, ba wanda zai ce sai an ɗauke shi, in ba tsoho ko majinyaci ba. Saboda haka in aka ce mana akwai garin da mutum zai biya kuɗin mota sau huɗu a yini ɗaya, bai kuwa fita daga garin ba, sai mu ɗauka zance ne kawai. To, akwai shi, na kuwa yi mako biyar a cikinsa a dogon hutun 2025. Garin nan shi ne Kano. Ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labarin yadda ake zirga-zirga a cikinsa, da kuma abin da na gane game da namu garuruwan.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba, ko da yake maganar ido ce. Kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, tana zaune a wani ƙauye na ƙasar Rabah. Shekara biyu ke nan yana ta rufe mata idanu, har ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. Kawuna, wanda ke sayar da wake da riɗi a kasuwar Dawanau, ya aiko a kawo ta Kano a yi mata aiki, tun da shi zai biya, a gidansa kuma za ta yi jinya. Da aka duba wanda zai yi mata jagora, sai aka ga ni ne ba ni da aikin komai sai hutu. Ita kuwa da ta ji, sai ta ce ai daidai ne, mace ba ta tafiya sai da mijinta, gama Maigida take kirana saboda wasan kaka da jika.

Muka kwana a Sakkwato, gari ya waye muka shiga mota. Muka bi ta Talata Mafara da Gusau da Tsafe da Funtuwa da Malumfashi da Gwarzo, tafiyar fiye da kilomita 500. Direban bai yarda ya tsaya ko'ina ba sai da muka fita dajin Zamfara da sauran rana, kowa ya san dalili. Ana kiran magariba muka sauka a Kabuga, Kawu ya tarye mu, ya kai mu gidansa a Rijiyar Lemo, a kan hanyar Katsina.

Asibitin idon yana can wajen Sabon Gari. Ba kuwa zuwa ɗaya ake yi ba: akwai ranar yankan kati, da ranar gwaji, da ranar aiki, da ranakun komawa a duba. Kawu ba shi da halin barin rumfarsa kullum, matarsa kuma tana jego. Saboda haka ya raka mu sau biyu, a na uku ya kira ni ya ce, "Daga yau kai ne za ka riƙa kai ta. Ka riƙe abu uku. Kada ka shiga abin hawa sai ka faɗi inda za ka, ka kuma ji kuɗin. Kada ka fito da waya a bakin titi ko a gefen keke, gama akwai masu fizge. In ka rikice, kada ka tambayi mai wucewa, tambayi mai shago ko mai shayi, wanda ba zai tashi ya bar wurinsa ba."

Na ce, "To, Kawu, in na manta kamannin hanyar fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai Kano ba a saninta da ido, da suna ake saninta."

Kafin in bayyana ma'anar wannan magana, bari in faɗi irin abubuwan hawan da ke akwai. Sarkinsu duka shi ne babur mai ƙafa uku, mai ruwan ɗorawa, wanda Kanawa ke kira a daidaita sahu. A Sakkwato mun fi cewa Keke Napep, wasu kuma su ce agwagwa da buje. Galibinsu ƙirar Indiya ne. Mutum uku ke zama a baya, ɗaya ko biyu su raɓa kusa da direba. Yawansu ya wuce misali. In ka tsaya a bakin titi da safe ka hango su sun taso daga danja, sai ka ce fari ne suka sauko wa gona. Sa'an nan akwai ƙananan bas-bas da ake kira hayis, masu yaron mota yana rataye a ƙofa yana kiran sunayen unguwanni. Su sun fi araha, amma sai an cika ake tashi, ga matsi, ga tsayawa ko'ina. Tasi kuwa ba su da yawa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin ganin 'yan kabu-kabu, waɗanda Kanawa ke kira 'yan acaɓa, alhali a wurinmu su ne ƙafar kowa. Da na bincika, sai na sami labarin yadda abin ya faru. A zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, wanda ya yi mulki daga 2003 zuwa 2011, an kafa wani shiri na gyaran tarbiyya aka sa masa suna A Daidaita Sahu, watau maganar da liman ke faɗa kafin ya ta da kabbara. A 2005 gwamnatinsa ta kawo waɗannan kekuna domin ɗaukar mata, don a raba su da hawa bayan babur. Aka rubuta sunan shirin a jikinsu, shi ke nan suna ya bi su har yau. A lokacin 'yan acaɓa ne suka cika gari. Sai a watan Janairu na 2013 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, bayan 'yan kwanaki gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin birni da kewaye. Daga nan samari suka koma tuƙin mai ƙafa uku, abin da aka kawo don mata ya zama na kowa da kowa.

Hawansa ma akwai ilmi a ciki. Ba tasha ake zuwa a yanki tikiti ba. Bakin titi za ka tsaya, a hannun da ya fuskanci inda za ka. In keke ya taho da sauran wuri, sai direban ya rage gudu ya leƙo, kai kuwa ka faɗi sunan wurin da ƙarfi. In hanyarsa ce ya tsaya, in ba ita ba ce ya ƙara wuta, ba ko sallama. Ba wulaƙanci ba ne, sauri ne. In ka kusa wurin saukarka sai ka ce, "Akwai!" In kuwa kana so a ɗauke ka kai kaɗai a kai ka har ƙofar gida, to, wannan shata ce, sai ka biya kuɗin dukan kujerun, har da ƙari. Babbar fitina ita ce canji. Wanda ya miƙa naira 1,000 da sassafe a kan tafiyar naira 200 ya sayi faɗa da kuɗinsa. Saboda haka kowane dare nakan je wurin mai shayin unguwarmu in farfasa kuɗin gobe. Wasu direbobin sukan karɓi taransifa ta waya, amma ba duka ba.

To, yanzu ga maganar suna. Abin da ake kira Kano yau ya haɗa ƙananan hukumomi takwas: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ba mai iya riƙe kamannin wannan duka a kansa, balle baƙo. Gidajen sun yi kama da juna, shagunan ma haka. Amma kowace mahaɗa da kowace kwana tana da suna, sunayen kuma a jere suke kamar carbi. In ka hardace jerin, ka san hanya. Namu jerin shi ne Rijiyar Lemo, Kurna, Ƙofar Ruwa, Sansanin Alhazai, Fagge, Bata. A Bata muke sauka mu sake wani keken zuwa asibiti. In za mu koma sai in juya carbin. Na rubuta su a bayan littafin lissafina, na hardace su kamar yadda muke hardace jadawalin sau.

Kaka ma ta hardace su, da kunne. Ita da ba ta gani, sai ga shi tana riga ni faɗin inda muke. In ta ji ƙarar ƙarafa da guduma ta ce mun zo Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan gini da kayan gyaran mota. In ta ji hayaniya ta yi yawa har ba ka jin na kusa da kai, ta ce, "Maigida, shirya, mun kawo Bata."

Sunayen nan kuwa kowanne da tarihinsa, wanda ya bi su ya karanta tarihin garin ba tare da ya buɗe littafi ba. Ƙofar Ruwa da Ƙofar Mazugal da Ƙofar Wambai da Ƙofar Mata da Ƙofar Nassarawa da Kabuga duk ƙofofin ganuwa ne. A wurare da yawa ganuwar ta zube, an yi gine-gine a kanta, amma sunan ƙofar yana nan a bakin yaran mota. Bata sunan wani kamfanin takalma ne da ya yi kanti a wurin. Tal'udu daga sunan wani kamfanin gine-gine na Turawa aka samo shi, Taylor Woodrow, harshen Bahaushe ya lanƙwasa shi. Miltara, da ke gaba da mu a hanyar Dawanau, ba wani abu ba ne illa mil tara. Haka nan kowace kasuwa da abin da aka san ta da shi: Kantin Kwari tufafi, Singa kayan masarufi, Dawanau hatsi, 'Yankaba kayan gwari, 'Yan Lemo 'ya'yan itace. In ka ga abin da fasinja ya rungumo, ka san inda ya fito.

Ba sunayen wurare kaɗai na koya ba, har da yadda bakina yake a kunnen wasu. A makaranta muna rubuta daidaitacciyar Hausa, amma in mun buɗe baki Sakkwatanci ke fita. Ran da na fara cewa direba, "Nan za mu sabka, kuɗɗinka nawa na?" sai duk keken ya ɗauki dariya. Wani dattijo ya ce, "A'a, Basakkwace ne! Yaro, ina ka baro Shehu?" Na ce yana nan hubbarensa, yana gaishe su. Daga nan hira ta ɓarke, har dattijon ya biya wa Kaka kuɗin mota, ya ce ta yi masa addu'a. Tun daga ranar na lura da cewa harshenmu ba abin ɓoyewa ba ne a Kano. Sau da yawa ma shi ke sa a saurare ka, a nuna maka hanya da kyau, don an san kai baƙo ne.

Shi ne kuma ya haɗa ni da wani direba da ba zan manta da shi ba. Muna dawowa daga gwaji, ya ji muna magana da Kaka, sai ya waiwayo ya ce, "Ku mutanen ina na?" Na ce Wurno. Ya ce shi daga wani ƙauye yake a bayan Goronyo. Na tambaye shi abin da ya kawo shi Kano. Ya yi shiru har muka wuce danja, sa'an nan ya ce, "Gona nib baro." Ya ce yana noman albasa da tafarnuwa da ruwan madatsar Goronyo, ya ishe shi ci da sha. Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyensu, ga kuma harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 aka kashe mutane da dama, sai ya kwashe iyalinsa ya kai su wurin dangi, shi kuwa ya taho neman abin da zai aika musu.

Shi ya bayyana mini yadda kuɗin da muke biya ke rabuwa. Keken ba nasa ba ne. Kowace yamma sai ya kai wa mai shi wani adadi da aka yanka, wanda suke kira balas, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ga mai, ga haraji, ga gyara, ga tara in ya taka dokar 'yan Karota, watau hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa da aka kafa a 2012. Ya ce, "Hwasinjan sahe na mai keke na, na rana na gidan mai na, na marece su an nawa. Ran da ruwa ya hana marece, mu kwana da yunwa." Da ma ina jin haushin yadda suke cika kuɗi, amma da na ji haka sai na fara lissafi. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin mai, a farashin gwamnati lita ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Mai tuƙi da mai hawa duk wuta ɗaya ke ƙona su. Mu kanmu, zuwa da dawowa ni da Kaka naira 2,400 ne a yini, ya fi kuɗin tiyar gero a lokacin. Na kan ga ma'aikata da 'yan makaranta suna taka rabin hanya da ƙafa don su rage kuɗin.

Duk da haka, garin ba ya motsi sai da su. An ba ni labarin yajin aikin da suka yi a watan Janairu na 2022 saboda kuɗin sabunta rajista. Kwanaki aka yi mutane na tafiya a ƙasa, 'yan kasuwa suka makara, ɗalibai suka rasa darasi, wasu suka hau motocin ɗaukar kaya. Ga manyan gadoji na sama da na ƙasa a Ƙofar Nassarawa da Kabuga da Dangi, amma gada ba ta ɗaukar mutum ta kai shi asibiti.

Ranar da na fi gane haka ita ce ranar aikin Kaka. An shiga da ita da hantsi. Likita ya bayyana mana cewa yana ba wata fata ba ce da ta rufe ido daga waje, ƙwayar da ke tattara haske a cikin idon ce ta yi gizo, za a cire ta a sa ta roba a madadinta. Aikin bai daɗe ba. Bayan la'asar aka sallame mu, ido ɗaya a rufe da auduga da filasta, aka ce mu dawo da safe a buɗe. Ma'aikaciyar jinya ta ja mini kunne ƙwarai: kada ruwa ya taɓa idon, kada ƙura ta shiga, kada a jijjiga ta. Kawu ya riga ya ba ni naira 3,000 domin mu yi shata har gida, gama ranar yana da lodin kaya.

Muna fitowa bakin titi hadari ya haɗo daga gabas, kafin ka ce kwabo ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na ja Kaka muka fake a rumfar wani mai shago, na cire rigata ta sama na rufa mata a ka. Ruwan Agusta a Kano ba wasa ba ne. Magudanu suka cika, titi ya zama gulbi, kekuna suka yi wuya, waɗanda ke wucewa kuwa duk a cike. Na tsayar da na farko, ya ce naira 6,000. Na biyu ya ce ko nawa zan ba shi ba zai bi hanyar Kurna cikin wannan ruwa ba. Na uku bai ko tsaya ba. Magariba ta gabato, Kaka ta fara rawar sanyi, iska kuma tana kaɗo feshi cikin rumfar. Na kira Kawu, wayarsa ba ta shiga. Ban taɓa jin nauyi a kaina irin na wannan lokaci ba, gama na san in ruwa ya shiga idon nan, wahalar shekara biyu da kuɗin Kawu da tafiyar kilomita 500 duk sun tashi a banza.

Mai shagon ne ya fita cikin ruwa ya tsayar mana da wani direba mai furfura. Na gaishe shi na ce, "Baba, Rijiyar Lemo za mu. An yi wa kakata aikin ido yau. Naira 3,000 ke hannuna, ba ni da ko sisi bayan su." Ya dubi Kaka, ya dubi sama, ya ce, "Shigo da ita." Ya kawo keken har bakin rumfa, ya saki labulen leda na gefe biyu ya ɗaure, ya ce in zaunar da ita a tsakiya in riƙe mata kai. Sa'an nan ya kama tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na baya suna ta yi masa ham, ko a jikinsa. Inda ruwa ya rufe ramuka sai ya ratse ta cikin unguwa, ta lungunan da ba su cikin jerin da na hardace, ya sake ɓullowa titi a gaba. Duk ramin da zai shiga sai ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ga wani nan." Tafiyar da muka saba yi cikin rabin awa, sai da aka yi sallar isha'i muka isa. Muka tarar da Kawu a ƙofar gida da lema, hankalinsa a tashe. Ya ciro kuɗi zai ƙara masa, dattijon ya ce, "A'a, Alhaji. Yaro ya faɗi abin da ke hannunsa, na kuwa yarda. Allah ya ba ta lafiya." Ya juya ya tafi. Da muka duba audugar, a bushe take ƙamas.

Da safe muka koma aka buɗe idon. Kaka ta ƙyafta, ta ƙyafta, ta dube ni ta ce ashe mijin nata ya yi tsawo haka, ga shi baƙi. Da muka fito bakin titi ta ga kekuna suna wucewa, sai ta ja ta tsaya ta riƙe baki ta ce, "Maigida, wanga abu na munka yi ta hawa? Ashe ƙahwa ukku gare shi! Da na san haka da ban hau ba." Mutanen da ke wurin suka yi ta dariya. Bayan mako uku aka yi mata ɗaya idon.

A tsakanin nan, ranakun da ba mu da asibiti, Kawu yakan ba ni ɗan abin da zan zaga gari. Da jerin sunayena a aljihu na je kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, na ga marinar Ƙofar Mata, na shiga Gidan Makama, na hau Dutsen Dala na hangi gari har inda ido ya ƙare. Na kuma je tashar jirgin ƙasa, inda dogo ya iso tun 1911. Ko'ina na nufa, da naira ɗari biyu ko uku da kuma sunan wurin a bakina, na isa.

Ran Lahadi 17 ga Agusta wani abu ya faru a gida wanda ya sa na sake duban duk wannan da wani ido. Washegari ina cikin keke na ji a rediyon direba cewa wani kwalekwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo, ana ta neman mutane a ruwa. Sauran fasinjoji suka yi salati suka ci gaba da hirarsu. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, gama na san irin waɗannan mutane. Kasuwa za su, kamar yadda matar da ke kusa da ni za ta Kantin Kwari. Ita ta tsaya a bakin titi minti biyu ta sami abin hawa. Su kuwa jirgi ɗaya ne, in ya tashi ba wani, shi ya sa kowa ke cusa kansa ko ya cika.

A nan ne na gane abin da ya sa birni ya zama birni. Da ina tsammani benaye ne da fitilu da gadoji. Yanzu ina ganin ba su ba ne. Birni shi ne wurin da talaka, ko tsohuwa makauniya da yaro ɗan shekara 16, za su fito ƙofar gida da ɗan abin da ke hannunsu, su isa wurin likita su dawo a yini ɗaya. Kaka ba don rashin magani ta yi shekara biyu cikin duhu ba, aikin da bai kai awa ɗaya ba ne. Daga ƙauyensu zuwa bakin kwalta sai a kan babur, da damina hanyar takan yanke, mota sai ran kasuwa, in rana ta yi sanyi kuma ba mai yarda ya bi daji. Mata nawa ne masu naƙuda a ƙauyukanmu ake ɗorawa a amalanke? Buhun albasa nawa ke ruɓewa kafin ya ga mota? Ƙasar da ta haifi Sardauna a Rabah, take ciyar da jama'a da shinkafa da albasa da tafarnuwa, ta cancanci hanyar da za a bi dare da rana ba fargaba.

Ba na cewa zirga-zirgar Kano ba ta da aibu. Akwai hayaƙi mai sa tari, akwai cunkoso, akwai direbobi masu gangancin tsiya, akwai ɓarayin waya. Ba kuma ina kiran 'yan'uwana su bar gida su tafi tuƙin keke ba ne. Mutumin Goronyon nan da na faɗa, da za a ba shi zaman lafiya yau, gobe yana gonarsa. Abin da nake cewa shi ne, mu da iyayenmu suka sa makaranta, a cikinmu ne za a sami injiniyoyi da shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa na gobe. In Allah ya kai mu, mu tuna da hanyar ƙauye da gadar gulbi da motar da talaka zai iya biya.

Ga wanda hutu zai kai shi Kano ko wani babban gari kuwa, shawarata kaɗan ce. Ka rubuta sunayen wuraren da za ka bi a jere, ka hardace. Ka tanadi canji tun da dare. Ka ji kuɗi kafin ka hau. Ka adana wayarka. Ka gai da direba, gama shi ma ɗan wani ne, wataƙila ma ɗan garinku ne. In ka rikice ka tambaya, da harshenka na gida, matambayi ba ya ɓata.

Kaka ta koma ƙauyensu da ƙafarta, ba mai riƙe mata sanda, har tana tsince tsakuwa a shinkafa. Allah ya saka wa Kawu da likitoci da alheri, da dattijon nan da ban san ko sunansa ba. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu a hanyoyinmu na tudu da na ruwa, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.